GIRGIZAR ƘASA DA AMBALIYA A BAKIN IYAKAR JIBIYA: TARIHIN BINCIKE DA FAƊAKAR DA JAMA'A



Abin da zan yi magana a kansa yau ya taso ne daga abubuwa biyu da suka faru a cikin damina guda, watau ta shekarar 2018. Na farko, a daren Lahadi 15 ga watan Yuli, wayewar Litinin, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a garin Jibiya na Jihar Katsina, ambaliya ta shiga unguwanni mutane suna barci, ta rushe ɗaruruwan gidaje, ta kashe fiye da mutum 40. Wasu gawawwakin ma sai a ƙasar Madarumfa ta Jamhuriyar Nijar aka tsinto su. Na biyu, a farkon watan Satumba, ƙasa ta yi ta motsi kwana biyu zuwa uku a Mpape da kewayenta a Abuja. Ba a ba da rahoton rasa rai ba, amma aka kafa kwamiti, aka dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin, jaridu kuma suka daɗe suna tambayar ko Nijeriya ta shiga sahun ƙasashen da ake girgizar ƙasa a cikinsu.

Dalilin da ya sa na haɗa waɗannan abubuwa biyu shi ne, tambaya guda ce ke ƙarƙashinsu: me muka sani game da ƙasar da muka gina gidajenmu a kanta, wa ya binciko mana, kuma ta wace hanya sanin ya kai ga mai gidan da ke kwance a bakin gulbi? Zan bi tarihin wannan bincike mataki-mataki, sa'an nan in komo Jibiya.

Abin da magabata suka rubuta

Ajiye labarin girgizar ƙasa a rubuce tsohon aiki ne a wurin malaman Musulunci. Kowane almajiri ya san Suratuz Zalzala tun yana riƙe da allo. Shehu Jalaluddini Suyuɗi na Masar, wanda ya rayu daga 1445 zuwa 1505, ya wallafa littafi sukutum mai suna Kashfus Salsala, inda ya jera girgizar ƙasa da aka yi a ƙasashen Musulmi shekara bayan shekara har zuwa zamaninsa. Wannan malami kuwa ba baƙo ba ne a tarihin Katsina, gama ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasar Takruru, ya ambaci Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim. Masana na zamani sun ɗauki irin wannan jeri da muhimmanci ƙwarai, domin na'urar auna girgiza ta zamani ba ta daɗe da samuwa ba, alhali tsagar dutse takan yi shiru shekaru ɗaruruwa kafin ta motsa. Abin da na'ura ba ta riska ba, sai a neme shi a alƙalamin malamai da rahotannin masu mulki.

Da irin wannan hanya ce Nicholas Ambraseys da R. D. Adams suka tattara tarihin girgizar ƙasa a Afirka ta Yamma, suka buga a 1986. Binciken ya nuna cewa yankinmu yana da sauƙin abin, in aka gwada shi da Afirka ta Arewa ko ta Gabas, amma bai kuɓuta ɗungum ba. An yi girgiza a Axim ta ƙasar Gana a 1636, an yi a Accra, wadda fatakenmu ke kira Ankara, a 1862. Ranar 22 ga Yuni 1939 aka sake yin wata babba a Accra, ta kashe mutum 17, aka kuma ji ta har Ikko.

Dutsen da ke ƙarƙashinmu

Kafin mu ci gaba, ya kamata in ɗan yi bayanin yadda abin yake aukuwa. Ɓawon duniya a rarrabe yake, kamar ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke ta, kowane ɓangare kuma yana tafiya a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara. Inda ɓangarori biyu suka haɗu suna gogayya, nan ƙarfi yake taruwa a cikin dutse har ranar da zai suɓuce gaba ɗaya, ƙasa ta girgiza. Bajamushen nan Alfred Wegener ya kawo maganar tafiyar nahiyoyi tun 1912, amma sai a shekarun 1960 masana suka samu hujjojin da suka sa aka yarda da ita. Maroko da Aljeriya suna bakin ɗinki, inda Afirka take tura Turai. Mu kuwa muna tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da baki, abin da ya sa girgiza ta yi ƙaranci a wurinmu ke nan.

Sai dai tsakiyar ma tana da tsofaffin tabo. Duwatsun ƙasar Katsina da Zamfara da Zazzau sun sha matsa da narkewa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, wannan kuwa ya bar dogayen tsagogi a cikinsu, kamar tsagar Anka da ta Kalangai, da wadda ta taso daga Ifewara a ƙasar Yarabawa ta nufo Zungeru. Jibiya tana kusa da inda wannan tsohon dutse yake nutsewa ƙarƙashin yashi da laka na babban kwarin da ya shimfiɗu daga Sakkwato zuwa cikin Nijar. Haka kuma akwai jerin duwatsu iri guda da suka faro daga Azbin, suka biyo ta Damagaram, suka sauko har Jos, na arewa sun fi tsufa, na kudu sun fi ƙuruciya. Watau dai dutsen Nijeriya da na Nijar littafi ɗaya ne, wanda ya karanta rabinsa bai gama karatu ba.

Iyakar da ta raba wannan littafi jiya-jiya aka shata ta. Ingila da Faransa sun yi yarjejeniya a kanta a 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Tun daga nan binciken ƙasa ya rabu biyu. Na kudu yana rubuta rahotonsa da Ingilishi ya aika London, na arewa yana rubutawa da Faransanci ya aika Paris. J. D. Falconer ya buga littafinsa kan duwatsun Nijeriya ta Arewa a 1911, aka kuma kafa Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya a 1919. Amma abin da ya dami Turawan mulki shi ne kuza da gawayi da zinariya da ruwan rijiya. Motsin ƙasa ba ya cikin lissafinsu.

Yadda na'urori suka zo

Abin mamaki, makaman ƙare-dangi ne suka yawaita na'urorin auna girgiza a duniya. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya, da ta maimaita har sau uku kuwa, sai gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a watan Janairu 1961. Da manyan ƙasashe suka koma gwaji a ƙarƙashin ƙasa, sai kowacce ta buƙaci kunnen da za ta saurari 'yar'uwarta da shi. Daga 1961 Amurka ta shiga kafa tashoshi iri ɗaya fiye da 100 a sassan duniya, waɗannan tashoshi kuwa su ne suka zana wa masana taswirar bakin ɗinkin da na ambata. Bayan yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya ta 1996, aka kafa wata babbar tashar sauraro a Torodi, kudu maso yammacin Yamai, domin aika bayananta Vienna. Saboda haka ɗaya daga cikin kunnuwa mafi kaifi a Afirka ta Yamma a ƙasar maƙwabtanmu aka girka shi.

A gida kuwa, jami'o'i ne suka fara ɗaukar nauyin. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a sashenta na kimiyyar fiziya ne Deborah Ajakaiye ta yi aikin auna nauyin duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasar Arewa, har ta zama farfesa a 1980, mace ta farko a wannan fanni a Afirka. Ranar 22 ga Disamba 1983 girgiza ta auka wa yankin Gawal a arewa maso yammacin Gini, ta kashe kusan mutum 300, a wurin da ba wanda ya taɓa sa wa ido. Watanni bakwai bayan haka, ranar 28 ga Yuli da 2 ga Agusta 1984, ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode, aka ji a Ibadan da Abeokuta da Shagamu. Ajakaiye da abokan aikinta, cikinsu har da K. M. Onuoha na Jami'ar Nsukka, suka haɗa kai suka yi nazarin wannan girgiza, suka buga sakamakon a 1987. Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa kwamitin ƙwararru kan sha'anin girgizar ƙasa. Daga wannan lokaci ne maganar cewa Nijeriya ba ta girgiza ta fara fita daga bakin masana.

Jerin da masu bincike suka tattara daga baya ya nuna cewa ƙasar Hausa ma tana ciki. An ambaci Ɗambatta a 1975, da Ɗangulbi ta Zamfara a 1994, da Jushin Kwari a 2000, sa'an nan ga ta Kwoi a kudancin Kaduna a watan Satumba 2016, wadda ta tsattsage bangayen gidaje. Dukansu ƙanana ne, kuma yawancin na dā daga bakin waɗanda suka ji aka samo labarinsu, domin babu na'ura kusa.

Bayan an kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa a 1999, sai aka ɗora wa cibiyarta da ke Toro a Jihar Bauci aikin sauraron motsin ƙasa. Cibiyar ta girka tashoshi a Toro da Kaduna, ta kuma ajiye wasu a harabar jami'o'i, kamar ta Ile-Ife da Nsukka da Awka da Abakaliki. Ranar 11 ga Satumba 2009 wannan haɗin kai ya yi ranarsa. Mutanen Abeokuta da Ikko sun ji girgiza, da aka haɗa bayanan tashoshin sai aka gano cewa tushenta yana kusa da Allada a Jamhuriyar Benin. Abin da ya razana mutanen wata ƙasa, a wata ƙasar ya samo asali.

Dalilin da ya sa tasha ɗaya ba ta isa

A nan ina roƙon ɗalibai su ba ni hankalinsu. In dutse ya suɓuce, igiyoyin motsi iri biyu ne suke fita. Ta farko mai sauri ce, tana cin kamar kilomita 6 a daƙiƙa guda, ta biyu kuwa tana cin kamar kilomita 3 da rabi. Na'ura tana rubuta lokacin isowar kowacce, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ke nuna nisa: kowace daƙiƙa guda ta tazara tana daidai da kimanin kilomita 8. Amma nisa kaɗai tasha ɗaya za ta faɗa, ba za ta nuna wurin ba. Sai an samu tasha uku, kowacce ta zana da'irarta a taswira, inda da'irorin suka haɗu nan ne tushen girgizar. In kuwa duk tashoshin suna gefe guda, lissafin yakan karkace.

To, mu ɗauka ƙasa ta motsa a ƙarƙashin Jibiya. A cikin jerin tashoshin da na lissafa, ta Kaduna ce mafi kusa, tana kudu da nisan kusan kilomita 300. Torodi tana yamma da nisan kamar kilomita 600. Ba yadda za a yi a tsai da wurin sosai sai an haɗa bayanin ƙasashen biyu, ƙaramar girgiza kuwa tana iya wucewa ba wanda ya rubuta ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wannan fanni lissafi ne da kansa ya wajabta haɗin kai.

Wani zai ce, tun da ƙanana ne, ina ruwanmu? Amsa ita ce, gini ne yake kashe mutane. Girgizar Agadir ta Maroko, ranar 29 ga Fabrairu 1960, ba ta kai 6 a ma'aunin Rikta ba, amma ta hallaka mutum 12,000 ko fiye, domin tushenta ba shi da zurfi, yana ƙarƙashin garin, gine-ginen kuma ba a yi su don jure motsi ba. A wadda aka yi a duwatsun Atlas ranar 8 ga Satumba 2023, wadda ta ci kusan mutum 3,000, ƙauyukan da suka fi shan wuya na gidajen ƙasa ne. Duk wanda ya san nauyin rufin soro, da azara da ƙasar da ake dankara mata, ya san abin da nake nufi. Benen bulo da aka ƙwange wa siminti da rodi ma bai fi shi aminci ba.

Gulbi ɗaya, ƙasa biyu

Yanzu sai mu komo ga ruwa, wanda shi ne haɗarin da tarihi ya tabbatar a wannan yanki. Gulbin Gada yana bi ta Jibiya, ya ƙetare iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, ya wuce Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ya zuba a Rima. Tsohon birnin Maraɗi, wanda zuriyar sarakunan Katsina suka kafa bayan jihadi, a cikin kwarin wannan gulbi yake. A 1945 ambaliya ta cinye shi, Faransawa suka ta da garin suka mai da shi kan tudu, inda yake har yau. Shekara 73 ke nan tsakanin wannan da abin da ya sami Jibiya a 2018, a kan gulbi guda, tazarar garuruwan kuwa tafiyar sa'a guda ce a mota. Darasin Maraɗi bai ƙetaro iyaka ba.

A 1989 aka gama madatsar ruwa ta Jibiya, mai tsawon fiye da kilomita 3 da rabi, wadda aka tsara ta riƙe ruwa mita miliyan 142 a ma'aunin cuku. Ranar 18 ga Yuli 1990 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu a Maraɗi kan yarjejeniyar raba ruwan gulaben da suka yi tarayya a kansu, har da wannan, a ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwa da suka kafa tun 1971. Ke nan ginshiƙin doka yana nan. Mun kuma ga abin da ɓallewar madatsa take yi, a Bagauda a 1988 da Alau ta Maiduguri a watan Satumba 2024. Ruwa ne ya yi ɓarna a duka biyun, amma madatsar ƙasa tana buƙatar a san halin dutsen da take zaune a kai, haka ma gadojin hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2021, ta kuma biyo ta Jibiya. An rufe wannan iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. A duk tsawon lokacin nan gulbi bai tsaya a shingen Magama ba.

Kai sani ga jama'a

Bincike da ya tsaya a kabad ɗin jami'a bai tsare ran kowa ba, inda kuma sahihin bayani ya yi jinkiri, jita-jita ce take riga shi isa. A watan Janairu 2010, 'yan kwanaki bayan girgizar Haiti, wani saƙon wayar salula ya zaga ƙasar Gana cewa za a yi girgiza kafin gari ya waye, dubban mutane suka fito suka kwana a fili. Ya kamata kowane ma'aikaci ya san wannan, ya kuma faɗa wa jama'arsa: har yau babu masanin da yake iya faɗin rana da sa'ar da ƙasa za ta girgiza. Abin da ake iya sani shi ne wuraren da suka fi haɗari, da irin ginin da ya dace da su. Ambaliya kuwa ana iya hango ta, gama hukumar hasashen yanayi da ta kula da ruwan koguna suna fitar da hasashensu kowace shekara kafin damina. Abin tambaya shi ne ko hasashen yana isa wurin mai unguwa da harshen da yake ji, kuma a kan lokaci.

Saboda haka ina da shawara uku. Ta farko ga jami'o'i. A yau akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta Tarayya a Dutsin-Ma, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ga kuma iyayensu na Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai. Ya kamata Katsina da Maraɗi su nemi a girka wa kowacce tasha guda, su riƙa musayar bayanai da Toro, su kuma sa ma'aunin ruwan sama da na tashin gulbi daga sama da Jibiya har Tsibiri. Malaman da Ingilishi da Faransanci suka raba, Hausa tana iya haɗa su a zaure ɗaya.

Ta biyu ga ɗaliban tarihi da na Larabci. Akwai aiki a Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna, da ɗakunan littattafan malamai, da bakin dattawa. A tambayi shekarar da ƙasa ta yi ruri, da shekarar da ruwa ya kai gindin wace bishiya, a rubuta da sunan gari da zamanin sarkin da ke kan gado. Wannan shi ne aikin da Suyuɗi ya yi wa ƙasarsa, kuma masu lissafin haɗari suna buƙatarsa.

Ta uku ga ma'aikatan gwamnati. Takardar fili da aka ba mutum a kan hanyar ruwa, da izinin bene da aka sa wa hannu ba a duba ba, su ne suke zama gawa bayan shekara goma. A fitar da taswirar wuraren haɗari ta kowane gari, a kai ta fadar hakimi, a karanta ta a gidan rediyo, a ba limamai da shugabannin kasuwa da na tasha. A kuma tsai da mutum guda a kowane gefen iyaka wanda zai buga wa takwaransa waya da dare in gulbi ya taso, domin ruwan da ya wuce Jibiya da tsakar dare zai kwana a ƙasar Madarumfa.

Shugaban taro, jama'a, ƙaddara gaskiya ce, kuma ba mai tsere mata. Amma addininmu bai hana ɗaure raƙumi kafin tawakkali ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Jibiya, Ya kiyaye na baya.